Yadda ake rubuta yarjejeniyar dukiya tsakanin miji da mata bayan aure

Tun 2014, lokacin da mutanen Gwoza da Madagali da Michika suka kwararo Yola suna gudun Boko Haram, iyalai da yawa suka sake kafa rayuwa a Malkohi daga tabarma da tukunya. Miji na noma ko tuƙa Keke Napep zuwa Jimeta, mata na ɗinkin hula, tana zubin adashi, tana kiwon awaki. Aka sayi fili, aka buga bulo, aka ɗora kwano. Kuɗin na mutum biyu ne, amma takardar filin sunan miji kaɗai ke jikinta. Ranar da ya faɗi ya mutu, gidan ya shiga gado baki ɗaya. Matar da ta sayar da awakinta aka sayi siminti za ta tashi da tumuni idan akwai 'ya'ya, kuma tumunin nan da kishiya za su raba shi. Rana irin wannan ce amfanin takardar yarjejeniyar, fiye ma da ranar saki, kodayake mutane saki suke fara kawowa a rai idan aka yi zancenta.

Da farko ku duba ko kuna bukatarta. Idan kowa na riƙe da abinsa, ba a cakuɗa ba, ku huta. Tana da amfani idan mata ta zuba kuɗi a gini ko gona ko shanu, idan akwai ragowar sadaki da aka ɗaga zuwa wani lokaci, idan miji ya juya jarinta, idan zai ƙara aure, ko kuwa kowannensu ya shigo auren da 'ya'yansa, kamar zawarawan da suka sake aure bayan gudun hijira.

Sai ku san kotun da ke da hurumi a kan aurenku. Auren da aka ɗaura bisa Musulunci, kotun yanki ce ke sauraronsa a kan mazhabar Malikiyya, ɗaukaka ƙara kuma ta tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Yola. A nan dukiyar mata tata ce, ta miji tasa ce, aure ba ya haɗe su. Auren rajista kuwa Babbar Kotu ke dubawa ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma sashe na 72 ya ba alƙali ikon duba abin da ma'aurata suka tsara bayan aure, ya yi hukuncin da ya ga adalci ne. Wato takardar hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta ɗaure hannun alƙali.

Mataki na uku shi ne babban aikin. Ku zauna ku lissafa komai: fili da iyakokinsa da wanda aka saya a hannunsa, yawan dabbobi, injin markaɗe, keken ɗinki, kayan ɗaki. A gaban kowane kuɗi da ya fita daga hannun ɗaya zuwa ɗaya, ku rubuta ko bashi ne, ko kyauta, ko tarayya. Mafi yawan rigimar gado daga nan take tasowa: ita ta bayar a matsayin rance, dangin miji su ce taimako ne na zaman aure.

Bashi shi ya fi sauƙin karewa, domin ana fitar da shi kafin a raba gado, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a rubuta shi a kafa shaidu. Tarayya tana bukatar a faɗi kason kowa ƙarara, rabi ne ko ɗaya bisa uku. Kyauta kuwa tana da tarko. A Malikiyya ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya mutu ko ya kwanta cutar ajali. Malaman mazhabar sun ce idan miji ya ba matarsa gidan da suke zaune, ya kuma ci gaba da zama a ciki har ya rasu, ba a ɗaukar hakan karɓa. Don haka maigidan da ke cewa “ai na bar wa uwar yara gidan” yana iya barin ta da magana kawai. A ganina, idan ta zuba kuɗi a ginin, gara a rubuta kuɗin bashi ko a yanka mata kasonta da sunan tarayya. Kuma a yi shi da ƙafafu, ana cikin lafiya, domin iƙirarin da majinyaci ya yi wa magajinsa a gadon mutuwa ana saka masa alamar tambaya.

Akwai abin da ba ya shiga takardar. Ba a sauya kason gado da ita. Ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda, mata kuwa magajiya ce. Ba a yafe ciyar da yara. Sharaɗin cewa miji ba zai ƙara aure ba yana da tafsili a fiƙihu, a kai shi gaban malami kafin a rubuta.

Daga nan sai rubutu da shaidu. A rubuta da harshen da duka biyun ke ji, Hausa ko Fulatanci, ko da za a yi kwafin Turanci. A sa cikakken suna da kwanan wata. Idan ɗayansu bai iya karatu ba, marubucin ya sa sunansa da adireshinsa, ya bayyana cewa ya karanta masa ya fassara, ya fahimta kafin ya dangwala yatsa. A samu shaidu maza biyu adalai waɗanda ba su da rabo a dukiyar, zai fi kyau ɗaya daga kowane ɓangare, sannan liman ko jauro ya halarta. Matar ta samu damar shawara da waliyyinta ita kaɗai tun kafin ranar. Takardar da aka sa wa hannu cikin fushi, ko da barazanar saki, ita ce ta fi saurin rushewa a kotu. Idan akwai kishiya, a sanar da ita. Abin ɓoye shi ke zama zargi a zaman makoki.

Game da fili, takardarku ba ta sauya sunan da ke kan shaidar mallaka. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ce mai takardar gwamnatin jiha sai da amincewar gwamna yake miƙa haƙƙinsa, na gargajiya kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma, wato Yola ta Kudu ga mutanen Malkohi. Idan dukiyar tana da tsoka, a kai wa lauya ya duba, a biya kuɗin hatimi. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA a Yola.

A yi kwafi uku: na miji, na mata, da na wani amintacce da ke zaune a wata unguwa ko wani gari. A ɗauki hoton kowane shafi a waya a tura wa ɗan'uwa. Duk lokacin da aka biya wani ɓangare na bashin, ko aka ƙara ɗaki, ko aka sayar da saniya, a rubuta a ƙasan dukkan kwafin uku, shaidu su sake sa hannu da kwanan wata.