Yankunan jihar Gadarif

Yara, ku buɗe taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa a kan tafkin Cadi, ku ja shi gabas har ku tsallake kogin Nilu. Kafin ku shiga Habasha za ku tarar da jihar Gadarif, a cikin ƙasar Sudan. Mahajjata da yawa daga ƙasar Hausa sun bi ta nan da ƙafa za su Makka. Wasu sun zauna can. Har yau akwai ƙauyukan Hausawa a bakin kogin Atbara da na Rahad.

Ruwan sama ne ya raba jihar yanki-yanki. Kamar dai a Nijar ne: in ka taso daga Agadas ka nufi Maraɗi, ruwa sai ƙaruwa yake yi.

Arewacin jihar sunansa Butana. Fili ne shimfiɗaɗɗe, itatuwa jefi-jefi, damina kuma gajera. Amma da ruwa ya sauka, sai ciyawa ta rufe ƙasa. Lokacin ne makiyaya, kamar Larabawan Shukuriya, suke bazuwa da raƙuma da tumaki da shanu.

A tsakiya birnin Gadarif yake. Nan ruwa yakan kai kimanin milimita 600 a shekara. Ƙasar wurin ba rairayi ba ce irin ta jigawa. Baƙar laka ce. Da rani takan tsattsage, har hannun mutum ya shige cikin tsagar. Da damina ta kumbura, ta zama caɓi, mota ta kafe, ƙauye ya yi kwanaki ba shiga ba fita. Noma ta da fartanya akwai wuya, amma tana riƙe ruwa ƙwarai. Shi ya sa aka fara nome ta da tarakta wajen shekarar 1945, zamanin mulkin Ingilishi. Yanzu akwai gonar da za ka tsaya a bakinta ba ka hango ƙarshenta ba. Ana shuka dawa da riɗi, ana kuma kiran jihar rumbun Sudan. Shi riɗi ba ya jira. In ya nuna ba a yanke shi da wuri ba, sai kwansonsa ya fashe, ƙwayar ta zube. Don haka da kaka ƴan ƙwadago sukan taho da laujensu, har daga Habasha.

A kudu, wajen Gallabat da Basunda, ruwa yakan wuce milimita 800. Akwai itatuwa da yawa, har da dakwara mai ba da ƙaro. Sai dai akwai wani ɗan ƙwaro, bai kai sauro girma ba, mai sa ciwon kala'azar. Ciwon yana kumbura saifa, ya fi kuma kama yara.

A gabas, wajen kogin Atbara da na Setit, akwai Fashaga. Ƙasa ce mai albarka, Sudan da Habasha sun daɗe suna gardama a kanta.

Waɗannan yankuna ba sa rabuwa da juna. Da rani tafkunan Butana sukan ƙafe, dole makiyaya su gangaro kudu neman ruwa. To, ga manyan gonaki a tsakiya, sun cinye burtali a wurare da dama. In garke ya faɗa cikin dawa kafin a girbe, sai rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi.

Tambayoyi

1. Me ya kai Hausawa jihar Gadarif?
2. Yaya baƙar laka take da rani? Da damina fa?
3. Don me ake gaggawar yankan riɗi?
4. Me ke sa makiyayan Butana su gangaro kudu?

Aiki: Ku tambayi wani dattijo ta ina burtalin garinku ya bi. Ku zana shi cikin littafinku.