Darasi na 27: Wasan besbol a Wasannin Afirka

Yara, kowa ya san ƙwallon ƙafa, kowa ya san kokowa. Yau za mu karanta labarin wani wasa da ba a saba gani ba a ƙasarmu. Sunansa besbol. Ana yin sa da sanda da ƙaramar ƙwallo mai tauri. A ƙasar Amurka ya girma, daga can ya bazu zuwa Kuba da Japan da Koriya da wasu ƙasashe.

Yadda ake wasan

Ƙungiya biyu ne suke karawa, kowace da ƴan wasa 9. A tsakiyar fili akwai masauki huɗu, an jera su kamar kusurwoyin ɗaki. Tsakanin masauki da masauki akwai wajen metir 27. Ɗaya daga cikinsu ana ce masa gida. Daga gida ake tashi, gida kuma ake komowa.

Ƙungiya ɗaya tana bugu, ɗayar tana tsaro. Mai jifa yana tsayawa nesa da gida da wajen metir 18, ya jefo ƙwallo da ƙarfi. Mai bugu yana tsaye a gida da sandarsa. In ya sami ƙwallon, sai ya yar da sanda, ya ruga zuwa masauki na farko. Masu tsaro kuma su yi maza su ɗauki ƙwallon su jefa wa ɗan'uwansu da ke can. In ƙwallo ta riga mai gudu isa, an fid da shi. In an cafe ƙwallon tun ba ta taɓa ƙasa ba, an fid da shi. In ya kuskure bugu sau uku, nan ma an fid da shi.

Wanda ya zagaye masaukai duka ya komo gida lafiya, ya kawo wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In an fid da mutum uku, sai a sauya: masu bugu su koma tsaro, masu tsaro su zo bugu. Haka ake yi har zagaye 9. Babu agogo a wannan wasa. In maki ya zo daidai, sai a ƙara zagaye har a sami wanda ya ci.

Wasannin Afirka

Wasannin Afirka babban taro ne na ƴan wasan nahiyarmu. A can ake tsere da tsalle da dambe da ninƙaya da ƙwallon ƙafa da sauransu. An fara su a Brazabil, babban birnin Kwango, a shekara ta 1965. Nijar ma tana aika ƴan wasanta. Wanda ya zo na ɗaya yana samun lambar zinariya, na biyu ta azurfa, na uku ta tagulla.

A watan Satumba na 1999 an yi wasannin a birnin Johanasbag, a Afirka ta Kudu. A wannan karo ne aka fara saka besbol a ciki. Gasar ba ta lambar zinariya kaɗai ba ce. Ƙasar da ta zo ta ɗaya ita ce za ta ci gaba da neman shiga Wasannin Olimpik na Sidni, a ƙasar Ostiraliya, a shekara ta 2000. Sauran kuwa sai su koma gida su jira shekara huɗu.

Afirka ta Kudu ce ta ɗauki zinariya. Maƙwabciyarmu Nijeriya ta ɗauki azurfa, Zimbabuwe ta ɗauki tagulla.

Me ya sa Afirka ta Kudu ta fi sauran? Domin ta daɗe tana wasan. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, Amurkawa masu aikin haƙar zinariya suka kawo shi can. Yara suka koya, suka girma, suka koya wa nasu ƴaƴan. Mai dambu ɗaya ba ya ja da mai buhu.

Hanyar Sidni

Cin gasar Afirka bai isa ba. Sai da Afirka ta Kudu ta kara da Guwam, wani tsibiri na tekun Pasifik. Ta yi nasara, ta sami wuri cikin ƙasashe 8 da suka je Sidni.

A Sidni abin ya yi wuya ƙwarai. Ƴan Afirka ta Kudu sun yi wasa 7, an cinye su a 6. Amma ba su karaya ba. Ranar da suka kara da Holand, an gama zagaye 9 maki yana daidai. Aka ƙara zagaye na 10, sai suka ci da 3 da 2. A wannan shekara Amurka ce ta ɗauki zinariya, Kuba ta zo ta biyu, Koriya ta Kudu ta zo ta uku.

A Abuja

A watan Oktoba na 2003 Wasannin Afirka suka zo Abuja, babban birnin Nijeriya. Aka sake yin gasar besbol. Ƴan Nijeriya suna wasa a gida, amma Afirka ta Kudu ta sake ɗaukar zinariya, Nijeriya ta sake zama ta biyu.

Bayan wannan ba a sake saka besbol a Wasannin Afirka ba, har waɗanda aka yi a Akara a 2024. Ƙasashen Afirka masu yin sa kaɗan ne. Kayansa kuma suna da tsada: akwai sanda, da safar hannu ta fata, da hula mai tauri mai kare kai. Ƙwallon ƙafa kuwa, ko da tsumma yara suna iya haɗa ta.

Duk da haka wasan bai mutu ba a Afirka. A shekara ta 2017 wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Gift Ngoepe ya yi wasa a babbar gasar Amurka, da ƙungiyar birnin Pitsbag. Shi ne na farko da aka haifa a nahiyar Afirka da ya kai wannan matsayi.

Mu riƙe

Besbol wasan haɗin kai ne. Mai jifa ba ya ci shi kaɗai, mai bugu ba ya ci shi kaɗai. Wanda aka kayar yau, in ya ci gaba da koyo, gobe yana iya ci.

Ma'anar kalmomi

ƙungiya: une équipe
gasa: une compétition
masauki: une base
mai jifa: le lanceur
mai bugu: le batteur
zagaye: une manche
lambar zinariya: la médaille d'or
tsibiri: une île

Tambayoyi

1. Ƴan wasa nawa ne a ƙungiyar besbol?
2. Faɗi hanyoyi uku da ake fid da mai bugu.
3. A wace shekara, a wane birni aka fara Wasannin Afirka?
4. Ban da lambar zinariya, me ake nema a gasar 1999?
5. Me ya sa Afirka ta Kudu ta fi sauran ƙasashe iya besbol?
6. Wace ƙasa ce Afirka ta Kudu ta ci a Sidni?

Lissafi

Tsakanin masauki da masauki metir 27 ne. Metir nawa ɗan wasa yake gudu in ya zagaye masaukai huɗu ya komo gida? In ya yi haka sau 3, metir nawa ke nan?

Aiki

Ku duba taswirar Afirka, ku nuna Kwango da Afirka ta Kudu da Nijeriya da Zimbabuwe da Gana. Lokacin hutu, ku zana masaukai huɗu a filin makaranta, ku rabu gida biyu, ku gwada wasan da ƙwallon tsumma mai laushi. Malam shi ne alƙali.