Ciwon Parkinson: ƙwaya ko waya a ƙwaƙwalwa?

Wata 'yar'uwa daga cikin birni ta aiko da tambaya. Mahaifinta baduku ne a Kasuwar Kurmi, kuma likitoci sun ce ciwon Parkinson gare shi. Ƙwayar da yake sha tana sakinsa kafin lokacin ta gaba ya yi, dangi har sun fara maganar haɗa kuɗi a fitar da shi waje a dasa masa waya a ƙwaƙwalwa.

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin a sayar da fili, bari mu duba abin da ke faruwa. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin halitta da ke samar da sinadarin dofamin, mai buɗe wa umarnin motsi hanya. Idan suka fara mutuwa, sai jijiyoyin wani ɗan yanki da ke ƙarƙashin sashen ƙwaƙwalwa da ake kira talamus su riƙa bugawa tare, sau 13 zuwa 30 a daƙiƙa. Kamar makaɗan biki ne duk su kama bugu ɗaya da ƙarfi, zabiya ta rasa inda za ta sa baki. Nauyin jiki da sandarewa daga nan suke. Karkarwa ce ido ke fara gani, amma sau da yawa ba ita ta fi takura wa mai ciwon ba.

Ƙwayar levodopa, wadda aka fara amfani da ita a shekarun 1960, ƙwaƙwalwa ce ke juya ta ta zama dofamin, sai bugun nan ya lafa. Ita kuwa dasa waya, likita Alim-Louis Benabid ne ya buɗe mata hanya a Grenoble ta Faransa a 1987. Ana zura siraran wayoyi zuwa yankin, a binne batir ƙarƙashin fatar ƙirji, ya riƙa aika lantarki kusan sau 130 a daƙiƙa. Da masu bincike suka naɗi motsin jijiyoyin ta cikin wayoyin, sun ga ƙwaya da lantarki duk bugu guda suke kwantarwa.

Don haka abin da levodopa ta kasa gyarawa, aikin ma da wuya ya gyara, in ban da karkarwa mai taurin kai. Ba ya tsayar da ciwon. Mai yawan mantuwa ko faɗuwa ba ya cikin waɗanda aikin ya dace da su, wani ma maganarsa ƙara daƙilewa take yi. Bayan an dawo gida kuma akwai saita na'ura da canjin batir, abin da masu haɗa kuɗin jirgi ba su cika lissafawa ba.

A fara da abin da ke hannu. Ki yi mako guda kina rubuta lokacin da Baba ya sha ƙwaya, lokacin da jikinsa ya saki, da lokacin da ya sake ɗaurewa. Ki kai takardar wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sau da yawa rarraba ƙwayar a yini kan wadatar. Ya sha ta rabin awa zuwa awa guda kafin abinci, domin nama, ƙosai da nono suna yi mata cunkoso a hanji. A kai wa likita duk magungunan da ke ɗakinsa, don irin su metoclopramide na amai da haloperidol suna tsananta alamomin. Kada a yanke levodopa farat ɗaya, ko don azumi, ko don an koma rubutu da tofi. Hakan na da haɗari.

Idan an yi duk wannan, ƙwayar tana aiki amma tana ta kamawa tana saki, hankalin Baba kuma garau, to lokacin ne za ki tambayi likitansa batun dasa waya.