Zaman Mutum da Dabba: Ƙofofi Uku na Cuta

Duk wanda ya san Kurmin Kogi, ta ƙasar Ikara, ya san manomi a can ba ya rabuwa da dabba. Ga shanun huɗa a ƙofar gida, ga tumaki da awaki a turke, ga kuma kare na gadi ko na farauta. Haka abin ya ke har Makarfi da Kudan. Dabba dukiya ce, ba mai cewa a rabu da ita. Amma akwai cututtukan da kan ƙetaro daga gare ta zuwa ga mutum, mu kuwa da za mu fita koyarwa ƙauyuka lalle ne mu san ƙofofin da su ke bi. Ƙofofin nan uku ne: yawu, da madara, da kashi.

Ta fari, yawun kare. Kadan mahaukacin kare ya ciji mutum, ko ya lashi inda ya ke da rauni, sai ƙwayar ciwon ta bi jijiya sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci akan yi wata 2 ko 3 ba a ga kome ba. Nan haɗarin ya ke, gama miki ya warke, iyaye sun saki jiki. Ran da yaro ya fara tsoron shan ruwa kuwa, aikin gama ya gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ciwon nan ke kashewa kowace shekara, kimanin 4 cikin 10 kuwa yara ne, watau irin waɗanda za su zauna gabanmu a aji.

To, ina dabara? Da kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Sa'an nan a kai shi asibiti a ranar, a fara masa allura, kada a fasa sai ta cika. Allurar nan ba baƙuwa ba ce: tun 1885 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9, ya kuwa rayu. Abin da ya fi duka shi ne a yi wa karnuka rigakafi, domin kadan an yi wa 7 cikin 10 na karnukan gari, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Ana haɗa maganin a Vom, inda aka kafa ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a 1924.

Ta biyu, madara. Saniya mai tarin fuka, ko mai ciwon da Fulani ke kira bakkale, wanda kan sa ta ɓari, takan ba da cutar cikin nononta. Mai sha ya yi ta fama da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, bai san mafari ba. Maganin wannan wuta ce: a tafasa madara kafin a sha, ko kafin a yi kindirmo. Wanda ya taimaki dabba wajen haihuwa kuma, ya wanke hannu da sabulu.

Ta uku, kashi. Kadan turke na kusa da rijiya, ruwan damina kan kwashi ƙazanta ya zuba ciki, gudawa ta shiga gida. Sai a nisanta turke, a gina wa rijiya baki da murfi, a bar yar da guga ƙasa, taki kuma a kai shi gona inda ya ke da amfani.

Kada mu zaci dattawa za su ƙi jin wannan. Tun a makarantar allo aka koya mana wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki ciki. Malami mai hikima sai ya fara daga abin da mutane suka sani, ya kai su ga abin da ba su sani ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, da mu da dabbobinmu, amin.