DARASIN NOMA: ƊIGO-ƊIGON GANYEN GYAƊA

Manoman Gusau, Tsafe da Bunguɗu, a riƙa duba gyaɗa cikin watan Agusta. Idan an ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa a ganye, to cuta ce. Wata irin fumfuna ke kawo ta, kuma lema take so.

Daga nan ganye sai ya yi ta zuba. Da yawanmu mukan ce gyaɗa ta nuna. A'a, a tona a gani tukuna. Cutar tana rage ƙwaya, ta ɓata harawar dabbobi.

Cikin tsohon ganyen da ya zube take ɓuya har wata damina. Saboda haka baɗi a sa gero ko dawa a wannan gona. A yi shuka da wuri. Kafin a sayi maganin feshi, a tuntuɓi malamin gona.