Tsarin Maigida da Baƙo a Fataucin Hausawa: Darasi ga Ɗalibai da 'Yan Kasuwa Matafiya kan Ƙulla Hulɗar Sana'a

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin yadda fataken Hausawa suka riƙa ƙulla hulɗa a garuruwan da ba su da dangi, musamman a kan hanyar Kano zuwa Gwanja da kuma unguwar Sabo ta Ibadan. Manufarta ita ce fito da ginshiƙan da tsarin ya tsaya a kansu, da auna abin da ɗalibin jami'a da ɗan kasuwa mai fita waje za su iya ɗauka daga ciki a yau.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya sauka a garin da ba a san shi ba, matsalarsa ta farko ba kuɗi ba ce, yarda ce. Wa zai ba shi masauki, wa zai ba shi kaya bashi, wa zai faɗa masa gaskiyar farashi? Ɗalibin da ya kammala digiri yana neman gurbin ƙarin karatu, da ɗan Kantin Kwari da ya sauka birnin Guanzu na ƙasar Sin karon farko, duka wannan tambayar suke fuskanta. Akasarin rubuce-rubucen da ake koyar da ɗalibai a kan wannan batu sun ginu ne a kan rayuwar ofisoshin Turai da Amurka, inda ake maganar musayar katin adireshi da gajeren jawabin gabatar da kai. Alhali kuwa Hausawa sun daɗe da tsarinsu, wanda ya ɗauki dukiya mai yawa ya ƙetare ƙasashe ba tare da banki ko takardar yarjejeniya ba. A nan, abin da ake nufi da hulɗar sana'a shi ne jerin mutanen da suka san mutum ta fuskar aikinsa, kuma za su iya tsaya masa ko su nuna masa ƙofa.

2.0 Ayari da Zango

A ƙarni na 19, fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja yana hannun rukunoni irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kamar yadda Lovejoy (1980) ya yi bayani. Ayari kan tashi da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, ya ratsa Yawuri da Bargu har Salaga, tafiyar watanni. Madugu ne shugaba, kuma jarinsa na gaske shi ne mutanen da ya sani a kan hanya: wane sarki ake yi wa gaisuwa, nawa ake biya a wane mashigi, wane zango ne ke da aminci a bana. Matashin da ya shiga ayari a matsayin yaro yana koyon waɗannan sunaye ne tun kafin ya mallaki jaki ɗaya na kansa.

Amma inda tsarin ya fi ban sha'awa shi ne masauki. Idan falke ya isa gari, yakan sauka wurin maigida ko fatoma. Shi ke ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta idan harshe ya bambanta. Hill (1966) ta siffanta wannan a kasuwar shanu ta Kumasi, Cohen (1969) kuma a Sabo ta Ibadan, unguwar da aka kafa a 1916. Abin da Cohen ya tarar shi ne ana sayar wa mahauta Yarabawa shanun da aka kawo daga Arewa bashi, kuma mai shanun bai san mahaucin ba, ba shi ma da lokacin zama ya san shi. Maigida ne ya san wane mahauci ke biya a kan lokaci, wane ne bashi ya yi wa katutu. Idan mahauci ya gaza, nauyin yana komawa kan maigida, domin shi ya lamunce. Maigidan da ya bari dukiyar baƙonsa ta salwanta, labarinsa zai riga shi isa Arewa, kuma baƙi za su koma gidan wani.

Daga nan za a fahimci cewa abin da maigida ke sayarwa ba ɗaki ba ne. Sunansa yake jinginarwa. La'adar da gidansa ke samu ladan hatsarin da ya ɗauka ne, da kuma shekarun da ya yi yana tattara labarin mutane. Shi ma baƙon yana da abin da zai kiyaye, domin idan ya ci amanar maigida ɗaya, da wuya wani a unguwar ya karɓe shi.

3.0 Inda Ɗalibi da Falke Suka Haɗu

Ba a cika lura da cewa hanyar fatauci ita ce hanyar neman ilimi ba. Kusan kowane babban ayari yana da malaminsa, mai jan salla da rubuta wasiƙu da riƙe lissafi. Misali mafi bayyana shi ne Alhaji Umaru Salaga, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya rasu a Kete-Karaci ta ƙasar Gana ta yau a 1934. Ya haɗa karatu da fatauci tun yana matashi, kuma daga cikin ayyukansa na farko akwai littafi da Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai nazarin hulɗa, domin wasiƙa ita ce ke ɗaukar lamunin mutum daga gari zuwa gari. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, jama'arta suka watsu zuwa wasu garuruwa, shi kuma ya zauna a Karaci, inda ya zama limami, ya tara ɗalibai, har ya yi aiki da jami'in Jamus Adam Mischlich. Kasuwa ta mutu, amma mutanen da suka san juna a cikinta sun sake kafa wasu zangunan.

Haka ma tarihin Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawa da ya rasu a 1955. Ya yi fataucin goro ta Akara da Legas, kuma lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka buɗe cinikin gyaɗa, kamfanonin Turawa sun buƙaci wanda ke da mutane a ƙauyuka. Wakilai da yaran da fataken goro suka riga suka tara su ne suka zama masu sayen gyaɗa. Haja ta sauya, mutanen dai su ne.

4.0 Dangi da Idon Sani

Akwai wani ra'i a ilimin zamantakewa da ya dace a gwada shi da wannan tsari. Granovetter (1973) ya nuna cewa labarin sabuwar dama, kamar gurbin aiki, ya fi zuwa daga idon sani fiye da aminai na kusa. Dalili kuwa shi ne aminai da dangi yawanci abu ɗaya suka sani, wuri ɗaya suke zama, alhali idon sani yana cuɗanya da wasu mutane daban. Tsarin zango ya tabbatar da rabin wannan magana ne kawai. Gaskiya ne maigida gada ce tsakanin baƙo da mutanen da ba zai taɓa kaiwa gare su da kansa ba. To amma labari daban, lamuni daban. Idon sani zai iya gaya wa ɗalibi cewa an buɗe neman tallafin karatu, amma ba zai rubuta masa takardar shaida mai nauyi ba. Wannan sai wanda ya ga aikinsa na tsawon lokaci.

A nan ne ɗalibai da yawa ke kuskure. Wasu sun taƙaita a kan 'yan garinsu da 'yan ajinsu, har a sansanin hidimar ƙasa, wurin da aka tara musu matasa daga kowace jiha kyauta. Wasu kuma sun tara ɗaruruwan sunaye a LinkedIn da zaurukan WhatsApp, amma babu ko mutum ɗaya a ciki da zai sa sunansa a kan nasu. Malamin da ke duba kundin ɗalibi shi ne maigidansa a fagen ilimi. Duk lokacin da ya gabatar da shi ga wani farfesa a taron ƙara wa juna sani, mutuncinsa ya jingina, kamar yadda maigidan Sabo ke yi. Ɗalibin da ke kawo babi a kan lokaci, ya gyara abin da aka nuna masa, yana biyan bashin ne tun kafin ya ci. Wanda kuma ba a ganin sa sai ranar da yake son sa hannu, ya manta cewa zumunta a ƙafa take.

5.0 Sababbin Zanguna

Ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Guanzu ko Yiwu a yau bai rabu da maigida ba, sunan ne ya koma wakili. Shi ke tarbarsa, ya kai shi masana'anta, ya yi tafinta, ya duba kaya kafin a loda su. Baje-kolin Kanton, da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, yana tara dubban masu sayarwa, amma yawansu ba ya gaya wa baƙo wanda zai aiko da irin kayan da ya nuna. Sau da yawa kuma wakilin nan ɗalibi ne da ya je karatu ya iya harshen ƙasar, kamar yadda ɗalibai Hausawa ke yi wa masu neman magani tafinta a Alƙahira. Falke da almajiri sun sake haɗuwa a hanya ɗaya.

Sai dai akwai giɓi babba. A Sabo, maigida yana da gida da iyali da masallacin da ake ganin sa kullum, ba zai iya ɓacewa dare ɗaya ba. Wakilin da aka samu ta lambar waya ba shi da abin da ya jingina. Saboda haka tambayar da tsofaffin fatake ke yi ita ce har yanzu ta fi amfani: wa ya taɓa sauka wurinsa, kuma ya koma? Hikimar fara ciniki da ɗan kaɗan kafin a miƙa jari duka ita ma daga can ta samo asali.

Ya kamata kuma a faɗi aibin tsarin. Ƙofa ce da ke buɗewa ga na ciki, ta rufe wa na waje. Mata kusan ba su da gurbi a cikinsa, duk da cewa dillalai mata sun daɗe da nasu tsarin na shiga gida-gida, wanda waya ta faɗaɗa shi yanzu har zuwa sayo kaya daga ƙetare. Sannan iyakar da ke tsakanin lamuni da alfarma siririya ce. Maigidan Sabo yana tsaya wa mahauci ne domin ya san yana biya, kuma idan ya yi kuskure aljihunsa ne zai ji. Jami'in da ya cusa ɗan abokinsa a gurbin da bai cancanta ba, babu abin da zai rasa, hukumar ce da sauran masu nema za su biya. Ɗalibin da ba shi da uwa a gindin murhu yakan haɗa su biyun ya yi musu kuɗin goro, har ya ƙi zuwa gaida malaminsa don kada a ce yana fadanci, sai ya kammala shekara huɗu ko biyar a jami'a ba tare da malami ɗaya ya san rubutunsa ba.