Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda: Musaya a Wajen Biyan Kuɗin Magani

Zawaciki gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, a kudu maso yammacin birnin Kano, kusa da rukunin masana'antu na Challawa. A nan ne aka buɗe tashar kaya ta kan tudu ta Dala a shekarar 2023. Mazauna wannan yanki iri biyu ne: akwai masu cin abinci da albashi ko ladan yini a kamfanonin Challawa da Sharaɗa da Bompai, akwai kuma waɗanda har yanzu dukiyarsu tana cikin rumbu da turke. Idan ciwo ya zo, duka biyun asibiti ɗaya za su nufa, kuma abu ɗaya za a nema a hannunsu, wato tsabar kuɗi. Wannan darasi zai duba dalilin da ya sa masu magani na dā suke karɓar hatsi ko dabba, alhali asibitin zamani ba ya iya karɓa.

Yadda ake biya a gargajiyance

Musaya, ko furfure, ita ce a ba da kaya a karɓi kaya, ko a yi aiki a karɓi aiki, ba tare da kuɗi ya shiga tsakani ba. Hausawa sun daɗe da sanin kuɗi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana ciniki da wuri, har ya rubuta cewa wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Duk da haka, sha'anin lafiya ya daɗe yana tafiya bisa musaya. Ungozoma takan sami hatsi da sabulu da goro da wani kaso na naman ragon suna. Wanzami, wanda shi ne mai aski da ƙaho da kaciya da cire beli, yana da nasa rabo ranar suna, kuma a ƙauyuka da yawa magidanta kan kai masa damin gero ko dawa idan kaka ta yi. Maɗori kuwa sau da yawa ba ya yanke farashi. Abin da ya sawwaƙa ake ba shi bayan ƙashi ya kama.

Abin lura a nan shi ne, damin da ake kai wa wanzami ba ladan aiki ɗaya ba ne. Ko an yi ciwo a gidan a wannan shekara ko ba a yi ba, za a kai. Gidan da aka kira shi sau goma da gidan da aka kira shi sau ɗaya, kusan abu ɗaya suke bayarwa. Masana tattalin arziki za su ce wannan ya fi kama da inshora fiye da ciniki, domin lafiyayyu ne suke ɗauke wa marasa lafiya nauyi.

Me ya hana asibiti karɓar gero?

Masanin nan na Ingila, William Stanley Jevons, ya bayyana babbar matsalar musaya a 1875: dole buƙatun mutum biyu su yi kiciɓis. Mai akuya yana son allura, to sai an sami mai allura da yake son akuya a wannan lokaci. Bayan wannan akwai matsalar awo, domin babu wanda zai iya cewa tiya nawa ta masara ce ta yi daidai da gwajin jini. Akwai kuma matsalar rarrabawa, tunda ba a yanka akuya gida huɗu don a biya kuɗin kati.

Amma dalili mafi ƙarfi yana wajen kayan aiki. Askar wanzami maƙerin gari ne ya ƙera ta, ƙahonsa daga mahauta ya fito, saiwa da sassaƙe kuwa a daji suke. Duk abin da yake buƙata yana samuwa a inda gero yake da daraja. Asibiti ba haka yake ba. Yawancin magunguna da sinadaran haɗa su daga ƙasashen waje ake shigo da su, musamman Indiya da Sin, kuma da dala ake biya. Man janareta da albashin ma'aikata su ma kuɗi ne. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, magani ya yi tsada. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, wanda ya tanadi cewa majinyaci zai biya kuɗin magani, a juya kuɗin a sayo wani. Asusun da aka gina a kan juyawa ba ya jure wa buhun da zai zauna a sito yana jiran mai saye, ga gara ga ƙwari.

Saboda haka musayar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Maimakon a kai akuya wajen mai magani, sai a kai ta kasuwa a sayar cikin gaggawa, kuma kowane mai saye ya san fuskar wanda ke da majinyaci a kwance. Lokacin ma ba ya taimakon manomi. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta a ƙasar Kano daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Hatsi yana da tsada a sa'ilin, amma babu shi a hannu; idan ya samu da kaka, farashinsa ya karye. Wanda ya ci bashi a watan Agusta zai biya da amfanin gona mai yawan gaske a Nuwamba. Leburan kamfani shi ma yana da irin tasa musayar: ya jingine waya ko keke, ko ya karɓi lada kafin aiki. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, kuma ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna yadda mai dukiya zai iya rasa abin biya a bakin taga.

Inda aka gwada ta yi aiki

A ƙasar Zimbabuwe, lokacin da kuɗinsu ya lalace a 2008, asibitin mishan na Chidamoyo ya riƙa karɓar gyaɗa da masara da kaji da awaki. Abin ya yiwu ne domin asibitin yana ciyar da majinyata, don haka gyaɗar tana da inda za ta shiga, ana markaɗa ta a ba su. A tsibirin Borniyo na Indunusiya, asibitin ASRI da aka buɗe a 2007 yana karɓar dashen itatuwa da taki da aikin hannu, saboda mutanen wurin a dā sare daji suke yi don biyan kuɗin magani, kuma ƙungiyar tana buƙatar dashen don mayar da dajin. A wurare biyun, sharaɗin Jevons ya cika, kuma akwai masu tallafi daga waje da ke sayen maganin da gyaɗa ba ta iya saye. Wanda ya manta da wannan tallafi zai ɗauka abin ya fi yadda yake sauƙi.

Hanyar da hukuma ta bi ta fi kusa da damin wanzami. An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, aka sake ta a 2022. Jihar Kano ma ta yi dokar hukumarta ta taimakekeniyar lafiya a 2016. Ma'aikaci mai albashi ana cire masa nasa kaso duk wata. Wahalar tana wajen manomi da ɗan ga-ruwa da leburan yini, waɗanda kuɗi ba ya zo musu wata-wata.

Aikin aji

Ɗalibai su tambayi farashin tiyar gero a kasuwa mafi kusa, ko a Dawanau, sau ɗaya a Agusta, sau ɗaya a Nuwamba. Su tambayi kuɗin cikakken maganin zazzaɓin cizon sauro na yaro ɗaya a kantin magani. Sannan su lissafa tiya nawa maganin zai ci a kowane wata, su kuma tattauna wane wata ne ya fi dacewa manoman unguwa su tara hatsin asusun lafiya, kuma wane wata ya kamata a sayar da shi.